Taswirar Baba Sallau

A bayan ƙofar ɗakinmu a Gangare
akwai taswirar da hayaƙin risho ya rina.
Baba ya cika ta da allurai.
Kowace allura wasiƙa ce,
kowace wasiƙa kunne ne da ya ji mu daga nesa.

Shi ba mai magana ba ne a gidan rediyo,
ko tarinsa bai taɓa hawa iska ba.
Nasa aikin a gindin dogon ƙarfe yake,
ya kwana gadin kwalabe masu jan ido
kamar mai jinya,
rigar sanyi biyu, shayi a fulas,
sanyin Jos na gatsa masa yatsu.

Yakan ce matsakaicin zango jemage ne.
Da rana yana rataye kusa da gida,
Toro, Mangu, in ya yi wuta Saminaka.
Bari dai a kira magariba,
sai ya saki reshe,
ya tsallake duwatsun Shere ko waiwaye babu.

Direban tanka ya rubuto daga Potiskum:
na kama ku wajen ɗayan dare,
kuna zuwa kuna komawa kamar numfashin mai barci.
Wata ungozoma a Gembu ta ce
sai ta ɗaura waya a reshen bishiya
kafin mu yarda mu shiga ɗakinta.
Wani tela a Maraɗi layi biyu ya yi:
ku gaida mai karanta sanarwa,
muryarsa sak ta yayana da ya rasu.
Takarda ta ƙare kafin Maraɗi,
sai Baba ya soka allurar a katakon ƙofa.

Ni ce mai riƙe gwangwanin allurai.
Ina shekara tara na san Wukari,
na san Azare, na san Kontagora,
ban taɓa wuce Farin Gada ba.

Shekarar da gari ya tsage,
aka sa dokar hana fita,
kwalta ta koma kogin da ba kwalekwale.
Davou, abokin kwanan aikinsa shekara ashirin da biyu,
yana can Gada Biyu, mu muna nan.
Ba wanda ya san halin wani.
Baba ya daina cin tuwo,
ya zauna da rediyo a cinya kamar jariri.

Dare na huɗu, cikin gaishe-gaishe, muka ji:
Davou na gaida Sallau na Gangare,
ya ce sifana mai lamba goma tana hannunsa,
kada ya wahalar da kansa nema.

Baba ya yi dariya har sai da ya goge ido.
Ya miƙo hannu, na ba shi allura.
Ya soka ta a kan Jos,
inda bai taɓa soka komai ba,
ya ce wannan ta fi Maraɗi nisa.

Yau tashoshi sun cika gari,
murya tas kamar ruwan gora,
amma kana gangara Hawan Kibo
sai su yi maka sallama su koma gida.
Sifanar tana aljihun teburina.
Davou ne ya kawo ta ranar sadakar uku,
a nannaɗe cikin jarida,
bai iya cewa komai ba.

Wani dare in wuta ta ɗauke
nakan kunna tsohuwar akwatin Baba.
Shuuu, kamar ana suyar ƙosai a wata unguwa.
Ɗana ya ce, Umma, me kike nema a nan?
Ga waya, komai na ciki.
Na ce yi shiru.

Can ƙasan ƙarar, siririya,
wata mata na karanta sunayen mutane
cikin harshen da ban sani ba.
Ta zo, ta tafi, ta sake zuwa.
Ban san garin ba.
Na dai ce wa yaron ya miƙo gwangwani.